Giyar Mama Ebi a Gorar Zoɓo

A bakin iyaka a Illela na fara sanin na bar gida. Jami'in da ya karɓi takarduna ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Ke 'yar Faransa, mi za ki yi Sakkwato?" Na ce karatu. Ya ce karatun mi. Na kau da kai, na ce, "Gwajin abinci da abin sha." Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiyar duka ba, kuma wannan halin ne ya biyo ni har cikin gari ya kusa kai wata baiwar Allah ƙasa.

Sunana Mariyama, mutuniyar Damagaram. Ilimin sinadarai na karanta, aka ba ni gurbin wata shida a wani ɗakin gwaji a Sakkwato don in koyi aiki da wata na'ura da ba mu da irinta a wurin aikina. Abin da ban gaya wa ko mahaifiyata ba shi ne, barasa za a koya mini gwadawa, musamman mai ƙarfin nan da ake kira ogogoro, a binciko ko akwai sinadaran da ke haddasa ciwon daji a cikinta. Ni da ban taɓa riƙe kwalbar giya ba tun da uwata ta haife ni.

Dillalin da muka yi magana da shi ta waya tun ina gida ya tarbe ni a tasha da fara'a har kunne. Ya karɓi abin da muka shirya, ya kai ni wani gida a Mabera, ya nuna mini ɗaki ta taga, ya ce bari ya karɓo mabuɗi. Har yau yana karɓowa. Na zauna a kan akwatina tun azahar har rana ta yi sanyi, ina kallon kowane babur da ya shigo layin. Da na kira wayarsa na ji ta a kashe, sai hawaye suka zo mini ba shiri.

Wata tsohuwa ce ta fito daga gidan da ke kallon wannan, riƙe da tasa za ta zubar da ruwa. Ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Ke ɗiya, wa kika jira tun ɗazu?"

Na gaya mata. Ta yi tsaki, ta ce wannan gidan ai mai shi yana Kalambaina yana aikin siminti, bai taɓa sa shi haya ba. Sannan ta ce, "Tashi ki ɗauko jikkarki. Ba a barin ɗiyar mutane bakin hanya." Inna Kulu ke nan. Mijinta mahauci ne, ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun yi aure, ita kaɗai ce a gidan da carbinta da awakinta biyu. Ta ba ni ɗakin da ke kusa da nata, mai rufin kwano. Sharaɗinta ɗaya ne: gidanta gidan salla ne, kada in shigo mata da abin da zai ɓata shi. Na ce in sha Allahu. Da ta tambayi aikina na ce mata ruwan sha muke gwadawa.

Shugaban ɗakin gwajin, Dakta Sa'adu, mutum ne da bai iya wasa da aiki ba. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, amma in ya cire tabarau ya dube ka sai ka gwammace ya zage ka. Ranar farko ya nuna mini na'urar, ya nuna mini yadda take zana sakamako a takarda, layi yana tafiya yana yin tsini a duk inda ta ci karo da wani sinadari. Tsini in ya yi tsawo, abin ya yi yawa ke nan. Sannan ya ba ni wani ɗan akwatin katako mai kwalabe masu ruwan ƙasa, ya ce, "A kwalba ake karɓo samfur, a kwalba yake kwana, a kwalba yake zuwa nan. Kin ji ko?" Na ce na ji. Na ma san dalili, tun a shekarata ta biyu a jami'a aka koya mana cewa barasa mai ƙarfi tana tsotso sinadari daga jikin roba.

Matsalar ita ce masu sayarwa ba sa buɗewa sai da yamma, ɗakin gwaji kuwa ƙarfe huɗu ake kulle shi. Duk abin da na karɓo sai ya kwana a wurina.

Fitata ta farko zuwa Sabon Gari ba zan manta da ita ba. Na shiga wani lungu da hijabina har ƙasa da takardar izini a hannu, maza suna zaune a kan benci suka bi ni da kallo. Na karɓi samfur wuri uku, na fito titi na tari napep. Ba mu yi nisa ba kwalaben suka fara ƙara a kan ramukan hanya, ɗaya kuma ashe murfinta bai zauna ba. Mai napep ya shaƙi hanci sau biyu, ya leƙo ta madubi.

"Hajiya, mi ka wari haka?"

Na ce kayan aiki ne. Ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Sauka. Ban ɗaukar wagga ƙazanta. Ke da hijabinki, ba ki ji kunyar Allah ba?"

Ya faɗa da ƙarfi, a gaban masu shago da masu sayar da rake. Wani ya ce subhanallahi. Wata mata ta ja ɗiyarta gefe. Na fito da takardar izinin, babu wanda ya ko kalle ta. Da ƙafa na ƙarasa Mabera a ranar, akwatin yana ƙara a hannuna, ina jin kamar duk garin ya san abin da na ɗauko. Na ɓoye shi a bayan buhun dusar awaki, na wanke hijabin sau uku.

Washegari na shiga kasuwa na sayi gorunan roba masu arha, irin waɗanda ake zuba zoɓo. Dabarata ke nan, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. Sai in karɓi samfur a 'yar kwalbar mai sayarwa, in zagaya wani kango da ke bayan layin, in juye a gorar zoɓo, in yar da kwalbar. Gora ba ta ƙara, ba ta wari, kowa ya gan ta a leda ya san abin sha ne na azumin nafila. Da safe in riga kowa zuwa ɗakin gwaji, in juye a kwalaben Dakta, in manna lamba. Na ce wa kaina kwana ɗaya ai ba zai yi komai ba. Haka na yi ta yi har wata uku.

A cikin waɗannan watannin na san Mama Ebi. Daga can kudu take, bakin ruwa, amma ta fi shekara talatin a Sakkwato, Sakkwatancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Mijinta ya rasu, da wannan sana'ar take riƙe da jikoki uku. Ranar da na fara zuwa wurinta ta duba takardata tsaf, ta kore mazan da ke ƙofa, ta shigar da ni ciki ta ba ni kujera. Muna cikin magana aka kira la'asar, ta ga ina duba agogo.

"Ɗiyata, ba ki yi salla ba ko? Zo nan."

Ta kai ni ɗakin jikokinta, can nesa da inda kayan suke. Ta ɗauko wata buta shuɗiya da tabarma a naɗe a saman kwaba, ta ce don baƙi Musulmi ta aje su, babu abin da ya taɓa taɓa su sai ruwa. Na yi salla a gidan mai sayar da giya, na idar na zauna ina kuka a hankali, don rabon da wani ya kula da lokacin sallata tun ina gaban mahaifiyata. Daga ranar, ko ba wurinta na je karɓar samfur ba, nan nake la'asar.

Ita ce ta nuna mini inda take aje kayanta. Manyan tulunan gilashi ne, kowanne a cikin kwandon kaba, a jere a ɗaki mai duhu. Ta ce uwarta ce ta koya mata, ba ta taɓa zuba abinta a jarka ba, ko da sauran suna yi mata dariya saboda wahalar ɗauko gilashi daga kudu. "Roba tana ɓata shi," in ji ta. "Ni ban yi boko ba, amma harshen masu sha ya gaya mani." Na gyaɗa kai, gorar zoɓo tana cikin jakata.

Samfurinta na karɓa ranar wata Laraba a tsakiyar bazara. Ta zuba mini a kwalba mai tsabta, ta toshe da kyau. Na zagaya kango na juye. Alhamis da Juma'a aka ba da hutu, ga Asabar da Lahadi. Kwana biyar gorar ta yi a ɗakina mai rufin kwano, a zafin Sakkwato da ko sabulu narkewa yake yi. Ranar Litinin da na ɗauko ta na ji jikinta ya yi laushi, na kau da kai na juye a kwalba.

Bayan mako biyu Dakta Sa'adu ya kira ni ofishinsa. Takardu ne shimfiɗe a kan tebur. Ya ce kusan duk samfuran suna ɗauke da wani sinadari da ake tausasa roba da shi, wanda ake zargin yana jawo ciwon daji, amma akwai guda ɗaya da ya fita daban. Ya ɗora yatsa a kan wani tsini da ya kusa fita daga takardar.

"Wannan ta wace ce?"

Na duba lambar. Na ce ta Mama Ebi ce.

"To wannan guba take sayar wa mutane. A jarka take jiƙa shi, babu shakka. Ranar Litinin ta sama zan aika wa hukuma rahoto da sunanta a farko. Su je su kwashe kayan su rufe wurin."

Ya yaba mini, ya ce aikina ya yi kyau, sunana zai fito a rahoton. Na fito. Na san abin da rufewar take nufi: za a fasa tulunan nan, mai gidan zai kore ta, jikoki uku su rasa na makaranta. Kuma duk Sabon Gari ita kaɗai ce na tabbata ba ta taɓa zuba kayanta a roba ba.

Duk da haka na nemi mafita. Na ce a raina wataƙila daga kudu aka ɓata shi kafin ya iso ta. A ranar na ɗebi tsantsar barasar ɗakin gwaji, wadda muka san babu komai a cikinta, na zuba a sabuwar gorar zoɓo na kai ɗakina na aje a daidai inda waccan ta kwana. Kwana huɗu ina kallonta kamar mai jinya. Ban iya cin abinci ba, Inna Kulu ta dama mini fura na kurɓa sau biyu na aje. Ranar Juma'a da safe na sa ta a na'ura. Layin ya tafi, ya tafi, ya zo daidai wurin, ya miƙe sama. Tsinin nan ne, babu bambanci. Gubar daga gorata take.

Na naɗe takardar na sa a jaka. Babu wanda ya gani, kuma in na yi shiru babu wanda zai taɓa sani. A hanyar gida Shaiɗan ya zauna kusa da ni a napep yana ba ni fatawa mai daɗi. Ai giya ce, haramun ce tun asali. In an rufe wurin ma lada za ki samu. In kuwa kika faɗa, aikin wata uku ya zube, Dakta ya kore ki, ki koma Damagaram ki ce wa waɗanda suka turo ki me? Wallahi sai da na kusa yarda.

Ranar Asabar da hantsi Inna Kulu tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Mariyama, kwana biyar ba ki ci ba ki sha. In ciwo na, mu tahi asibiti. In magana ta, hwaɗi."

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai. Giyar da na yi wata uku ina kwana da ita a gidanta, ƙaryar ruwan sha, mai napep, gorar zoɓo, Mama Ebi da butarta. Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Na fara tunanin inda zan kai akwatina.

"Cikin gidana," ta ce. "Bango guda da inda nika salla."

Na ce ta yafe mini. Na ce ai matar ma giya take sayarwa, ko an rufe ba a yi asarar komai ba. Ban san me ya sa na faɗa ba, wataƙila so nake ta ba ni izini.

Ta aje faifan ta dube ni.

"Ke, kar ki raina mani wayo. Giyarta tsakaninta da Ubangijinta ta. Shaidar zur kau taki ta, ke za a tambaya. Kunyar mai napep kinka ji, ba ki ji kunyar wagga mata da ta ba ki ruwan alwala ba?" Ta ɗauki faifanta. "Ki tahi ki hwaɗa ma likitan naku. Batun gidana mu yi shi in kin dawo."

Ranar Litinin tun ƙarfe bakwai da rabi ina ƙofar ofishin Dakta. Ya iso da ambulan a hannu, rahoton ne, har ya sa hannu. Na ce ina da magana kafin ya aika. Na ɗora takardar gwajina a kan tebur, na ɗora gorar zoɓo a kusa da ita, na yi bayani ina kallon ƙasa. Ya cire tabarau.

"Duka samfuran?"

"Duka, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da roba take yi?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

Na ce kunya. Ya maimaita kalmar a hankali kamar bai taɓa jin ta ba. Ya ce da jahilci ne da ya koya mini, amma wannan bai san maganinsa ba. Ya ce da na bari ambulan ɗin nan ya fita, da sunansa ne zai rufe wa mace sana'a a kan ƙarya, kuma duk ranar da ya ce wani abu guba ne na gaske babu mai sake yarda da shi. Ya yaga rahoton gida biyu. Bai kore ni ba, amma ya ce zai rubuta wa wurin aikina abin da ya faru, sunana ba zai fito a komai ba, kuma zan sake karɓo samfuran nan ɗaya bayan ɗaya, a kwalba, a akwatin katako. Na farko na Mama Ebi, yau, kuma in gaya mata dalili da bakina.

Wannan ya fi mini tsayawa gaban Dakta wuya. Ta tarbe ni da murna, ta jawo kujera, na ce a tsaye zan yi maganar. Ina faɗa fuskarta tana canzawa. Da na kai wurin rahoton da rufe shago sai ta zauna a kan kujerar da ta jawo mini.

"Na ba ki abina cikin kwalba mai tsabta, kika kai shi kango?"

Na ce e.

"Da kin ce kunya kike ji, ai da ni na kai maki har ƙofar wurin aikinku. Shekara talatin ana kallona a garin nan, ban mutu ba." Ta tashi ta ɗauki kwalbar Dakta ta cika, ta toshe, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ranar ba ta ce in yi salla ba, ni ma ban tambaya ba.

Na fito titi da akwatin yana ƙara. Napep na farko da ya tsaya na ce masa, "Malam, giya ce a nan, ta gwajin asibiti. In ba ka ɗauka, wuce." Ya wuce. Na biyu ma ya wuce, har da tofar da yawu. Na uku wani dattijo ne, ya ce, "Sha za ki yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To hau." A gida na tarar Inna Kulu ta share tsohon akurkin kaji da ke bayan zaure, ta sa masa kwaɗo. Ta miƙo mini mabuɗin ta ce nan ne iyakar kayan aikina, in sun ƙetare zaure ni da su mu bar gidan. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Kwana tara aka yi kafin sakamakon ya fito, kuma Dakta da kansa ya sa samfurin a na'ura, ni ina tsaye a baya. A kwanakin nan tsoro biyu nake ji, kada a ce har yanzu akwai, kada kuma a samu wani abin daban da ban sani ba. Layin ya fara tafiya. Ya zo daidai wurin da ya taɓa miƙewa, ya ɗan motsa kaɗan, ya wuce a kwance. Dakta ya mayar da tabaransa, ya buga takardar, ya sa hannu, ya ce in kai wa Mama Ebi. Wasu daga cikin masu jarka kuwa, da aka sake nasu, tsinin ya fito da gaske, kuma wannan karon babu gorata a ciki.

Na same ta tana wanke kofuna. Na miƙa mata takardar na ce babu abin da aka samu a kayanta da ya wuce ƙa'ida, babu mai zuwa ya rufe mata wuri. Na ƙara da cewa wannan ba ya nufin giya ba ta cutarwa, don ita kanta tana jawo ciwon, Dakta ya ce lallai in faɗa. Ta ce ta sani. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallon layin da ba ta iya karantawa, sannan ta ninke ta sa a cikin rigarta. Ba ta gode mini ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta gode ba. Na yi mata sallama na juya, na kai bakin ƙofa ke nan aka kira salla a masallacin bakin titi.

"Mariyama," ta ce, tana ci gaba da wanke kofunanta. "La'asar ta yi. Buta tana nan inda kinka san ta."